Na samu gurbin karatu a Japan, Hajiya ta ce ba inda za ni

Ɗan Samaru: Salamu alaikum 'yan uwa. Na samu tallafin karatu na gwamnatin Japan, wato MEXT, digiri na biyu a Jami'ar Tohoku da ke Sendai, alawus yen 144,000 a wata. Hankalin Hajiyarmu ya tashi, wai can ɗanyen kifi ake ci, ba masallaci, kuma ba sa son baƙar fata. In tafi da iyali da jaririnmu, ko in fara zuwa ni kaɗai?

Abu Hanan: Tafi kawai! Japanawa sun fi kowa ladabi, ko jaka ka manta a jirgin ƙasa za ta dawo hannunka.

Maman Ilham: Ladabi kam akwai. Amma mun zauna a Saitama ni da maigida. Dillali a gabanmu yake kiran masu gida, da sun ji baƙi ne daga Afirka sai a ce an riga an kama. Yana sunkuyawa yana ba mu haƙuri, ni ga tsohon ciki, ƙafafu sun kumbura. Da muka samu, sai da muka kawo mai tsaya mana, muka biya kuɗin godiya ga mai gida, wanda ba a mayarwa. Wallahi na yi kuka a tashar jirgi.

Injiniya: Sannu Hajiya, amma kusa da Tokyo ke nan. Ni a Sendai yen 35,000 na biya ɗaki. Masallaci akwai, Kobe ma tun 1935 suke da nasu. Kaza halal tana kantin Gyomu Super.

Ɗan Maraɗi: 35,000 ɗakin gwauro ne. Mai iyali ya tanadi 60,000.

Abu Hanan: Ni dai ban taɓa jin an wulaƙanta kowa ba.

Maman Ilham: Malam, ka taɓa zama can, ko motoci kake saro wa ta intanet?

Baban Yara: Ango, in ka dawo ka koya mana karate, 'yan ƙwacen waya sun ishe mu.

Ɗan Maraɗi: Ku tuna maganar garin Kisarazu na Japan. A Agustan 2025 aka yi ta yaɗa cewa an ba 'yan Najeriya gari da biza ta musamman. Japan ta ƙaryata, mutanensu suka yi ca, hukumar JICA ta Japan mai tallafa wa ƙasashen waje ta janye shirinta na haɗa zumunci tsakanin garin da Najeriya. Ƙanena har kuɗi ya ba wani ejan a kan wannan maganar!

Injiniya: Nawa ya ba shi? Namu ma an ci na mutum biyu a unguwa.

Ɗan Samaru: Don Allah maganar iyalin fa?