Tallafin kuɗi ba sharaɗi: waɗanda ya shiga gidansu su faɗa mana yadda ta kaya

Ɗan Autan Gida:
Assalamu alaikum jama'a. Gardama ce ta kaure tsakanina da kawuna. Ya dage cewa duk talakan da aka miƙa wa kuɗi ba a ce masa ga abin da zai yi da su ba, an koya masa zaman kashe wando ne. Daga ni har shi babu wanda ya taɓa karɓa, hasashe kawai muke yi. Don Allah wanda irin wannan tallafi ya taɓa shiga gidansa a karkara, ko ya yi aikin rabonsa, ya ba mu labari. Me aka yi da kuɗin, kuma me ya rage bayan an daina bayarwa?

Uwar Marayu:
Wa'alaikumus salam ɗana. Ni na karɓa, shekara biyu bayan rasuwar maigidana, ina da yara biyar. A dunƙule suka shigo ta waya. Kwana uku ban taɓa su ba, saboda ban yarda ba bashi ba ne. Sai da na sake tambaya aka ce nawa ne, in yi abin da na ga dama.

Abin da na fara yi shi ne rufin ɗaki, na sa kwano. Na sha surutu, wai macen da 'ya'yanta ba sa ƙoshi ta tsaya gyaran ɗaki. Amma ni ce nake kwana a ciki. Duk shekara sai na sayi ciyawa na biya mai rufi, duk da haka ruwa ya jiƙa mana hatsi, ƙaramin kuma tari ba ya barinsa har damina ta wuce. Bayan rufi na biya bashin da ya hana ni bi ta ƙofar wani gida, ragowar na sayi awaki biyu.

Sai dai abin da ya fi yi mini amfani ba a ganinsa da ido. A shekarar ban sayar da amfanin gonata da kaka ba. Da can dole ce take sa in sayar lokacin da kowa ke sayarwa, kaya sun faɗi warwas, sannan in dawo in sayi irinsa da tsada tsakiyar damina. Wannan karon rumbuna ya kai mu har sabon hatsi ya shigo.

Tsohon Manomi:
Inna, Allah ya raya marayu. Namu ba irin naki ba ne, kaɗan-kaɗan ake ba mu duk wata, kuma gaskiya a tukunya da kuɗin magani suke ƙarewa. Ko kaza ban ajiye da su ba.

Amma Ɗan Auta, ka isar wa kawunka wannan. Kafin tallafin, da an shiga noman farko sai in bar gonata in tafi ƙwadago gonar wani, don in ban je ba ba a ɗora tukunya a ranar. Kafin in waiwayi tawa ciyawa ta cinye ta. Da kuɗin nan suka fara zuwa sai na tsaya a gonata a kan kari. Masu manyan gonaki suka rasa 'yan ƙwadago masu arha, su ne suka fara yaɗa cewa mun zama malalata. Alhali ban taɓa yin aiki kamar na wannan daminar ba.

Mai Rajista:
Na yi aikin ɗaukar sunaye da bibiyar gidaje, kuma abin da Inna da Baba suka faɗa ya zo daidai da abin da masu bincike suka gano. Ƙungiyar GiveDirectly ta daɗe tana tura kuɗi kai tsaye ta M-Pesa, wato hanyar aika kuɗi ta waya, ga talakawan yammacin Kenya. Binciken da Johannes Haushofer da Jeremy Shapiro suka wallafa a 2016 a kan shirin ya nuna cewa masu karɓa wata-wata sun fi samun sauƙi ta fuskar abinci, masu karɓa a dunƙule kuma sun fi sayen kaya masu ɗorewa irin su kwanon rufi.

Batun giya da taba kuwa, wanda shi ake fara jefo mini duk inda na je, David Evans da Anna Popova na Bankin Duniya sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama a 2014, ba su ga kashe kuɗi a kansu ya ƙaru ba. Ni dai a gidajen da na bi na ga mutum biyu da suka ɓarnatar da nasu, kuma tun kafin tallafin kowa ya san halinsu.

Kada dai mu zuzuta abin fiye da kima. A arewacin Yuganda an ba matasa jari a 2008 ba tare da sa musu ido ba. Bayan shekara 4 samunsu ya ɗara na takwarorinsu da kashi 38 cikin 100, amma da aka koma bayan shekara 9, waɗanda ba su samu ba sun kusan kamo su.

Wanda Aka Tsallake:
Yaya Mai Rajista, ki yi haƙuri, ciwon da ke raina zan faɗa. Katanga ɗaya ce tsakanina da maƙwabcina, talaucinmu iri ɗaya, aka rubuta shi aka bar ni. Har yau babu wanda ya gaya mini dalili. Ban yi masa hassada ba, amma zumuncinmu ya yi sanyi, shi yana jin nauyina, ni ina gudun a ce roƙo ya kai ni. Kuma shi ma ba duka yake samu ba, mai cire masa kuɗin yana yankar wani abu tunda bai iya duba saƙo ba.

Abu ɗaya da ba zan ɓoye ba, ina ɗan taɓa gini, kuma a watannin nan na samu aikin da ban taɓa samu ba.

Mai Rajista:
Ka yi gaskiya ɗan'uwa, kuma ba ni da bakin kare zaɓen da ake yi. Na sha kwana da baƙin cikin sunan da na san ya cancanta amma bai fito ba. Aikin da ka samu ma an auna irinsa. A yankin Siaya na Kenya an ba gidaje sama da 10,500 kimanin dala 1,000 kowanne a wani gwaji da ya shafi ƙauyuka 653. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna kowace dala ta motsa kusan dala 2.5 a harkokin yankin, gidajen da ba su karɓa ba su ma cefanensu ya ƙaru, farashin kaya kuma ɗan kaɗan ya ɗaga. Wannan dai ba ya goge zafin tsallakewa.

Malamin Firamare:
Ni daga aji nake kallon abin. Yaran gidajen da ke karɓa sun daina gyangyaɗi da hantsi. Amma in burin shi ne yaro ya zauna a aji, sharaɗin cewa sai yaro na zuwa makaranta za a ba da kuɗin yana da nasa amfani. A Zomba ta Malawi an gwada tallafi mai sharaɗi da marar sharaɗi a kan 'yan mata. Mai sharaɗin ya fi riƙe su a makaranta, marar sharaɗin kuma ya fi rage aure da ɗaukar ciki da wuri, domin yarinyar da ta bar makaranta ba a yanke wa gidansu kuɗin ba.

Ɗan Autan Gida:
Na gode ƙwarai, zan karanta wa kawu duka. Inna, saura tambayata ta biyu: yanzu me ya rage?

Uwar Marayu:
Kwanon yana nan, ba ya yoyo. Awakin sun kai bakwai, ciwo ya kashe biyu, na sayar da uku lokacin da babbar 'yata ta kwanta asibiti. Har yanzu talaka ce ni, ɗana, bara ma sai da na sayar da rabin hatsina da kaka. Amma bashin ban sake ci ba, kuma akuya ɗaya tana da ciki yanzu.