Ajin kuskure na kaina ko ValueError: tambaya kan manhajar susu

Ɗalibi daga Aboabo, Kumasi:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina rubuta wa kawuna ƙaramar manhaja da harshen Python, domin shi mai karɓar susu ne, wato ajiyar kuɗin 'yan kasuwa, a kasuwar Kejetia, kuma littafinsa na takarda ya fara gagararsa. Na yi aji, wato class, guda mai suna Asusu, wanda yake da hanyar zuba kuɗi da hanyar cirewa. A makon jiya wata mai sayar da atamfa ta nemi sidi 300 alhali sidi 250 ne a asusunta, allo ya nuna an cire, kawu ya ƙirga ya miƙa mata, sai da dare muka tarar lissafi bai daidaita ba. Da na bincika, ashe hanyar cirewa ta tayar da ValueError, kuskuren da Python ya tanada don adadin da bai dace ba, yadda na tsara, amma na kewaye kiran da try, na rubuta except mai cafke kuskure shi kaɗai, na sa pass, wato kada a yi komai, a ƙarƙashinsa, saƙon nasara kuma yana fitowa bayan haka ko da me ya faru. Shin in ƙirƙiri ajin kuskure na kaina ne, ko ValueError ya wadatar?

Mai rubuta manhaja daga Nima, Accra:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ko da ka ƙirƙiri aji goma, wannan except ɗin zai haɗiye su duka, domin idan ba a ambaci sunan kuskure a gabansa ba yana cafke komai, har da KeyboardInterrupt da SystemExit, wato har danna Ctrl da C don tsayar da manhaja sai ya toshe. Ka fara cire shi tukuna.

Bayan haka ina goyon bayan ka yi naka. Ka yi uwar aji, ka kira ta KuskurenSusu, ta gaji Exception, uwar kurakurai na yau da kullum, ba BaseException da ke samanta ba, sannan KudiBaSuIsaBa ya gaje ta. Amfanin da na fi gani shi ne kuskuren abu ne kamar kowane abu a manhajarka, saboda haka zai iya ɗaukar bayani: ka ajiye masa saura da adadin da aka nema, yadda allo zai faɗa wa kawu a fili cewa sidi 250 ne suka rage, an kuma nemi 300. ValueError ba zai bambance maka tsakanin wannan da yatsan da ya zame ya buga harafi a wurin lamba ba, sai dai ka riƙa tsintar kalmomi a cikin saƙonsa, wanda kuwa ranar da ka gyara saƙon komai zai wargaje.

Malama mai koyar da Java a Kumasi:
Na yarda da ɗan'uwa na Nima, sai dai ina jan kunnenka kada abin ya yi maka daɗi ka cika manhajar da azuzuwa. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina shi ne: idan wanda ya kira hanyar ba zai yi wani abu daban ba saboda sabon sunan, to sunan bai cancanci aji ba. Adadin da ya gaza sifili ValueError ya ishe shi. Rashin isassun kuɗi kuwa ya cancanta, domin kawu zai iya tambayar mai asusun ko za ta karɓi abin da ya rage.

Ciwon da ya same ka na san shi sarai. A harshen Java, kuskuren da ya gaji Exception amma bai bi ta RuntimeException ba dole ne a cafke shi ko a bayyana shi da throws, kuma ɗalibai da yawa sukan rubuta catch, wato takwaran except, fanko don kawai aikin ya wuce. A Python kuma, idan rumbun bayananka sqlite3 ne, ya tayar da nasa kuskuren kana so ka sauya masa suna, ka yi amfani da raise tare da from, wanda ya zo da Python 3.0 a 2008, domin asalin dalilin ya kasance a maƙale da sabon.

Ɗalibi daga Aboabo, Kumasi:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malama, a ina ya dace in cafke KudiBaSuIsaBa, a cikin ajin Asusu ko a waje?

Malama mai koyar da Java a Kumasi:
A waje, inda manhajar take magana da kawu, domin Asusu bai san ko allo ne a gabansa ko saƙon waya ba. Aikinsa shi ne ya duba saura, ya tayar da kuskuren kafin ya taɓa ko fesuwa ɗaya. Saƙon nasara kuma ka mayar da shi ƙarƙashin else na wannan try ɗin, wanda ba ya gudana sai idan babu kuskuren da ya tashi. Ka gwada da asusun ƙarya mai sidi 250 kafin kawu ya fita kasuwa gobe.