Tayar hunturu ga M340i: in zauna a rim 19 ko in sauko 18?

Baban_Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa masana harkar mota, dan Allah shawara nake nema kafin sanyi ya kankama. Ina da BMW M340i xDrive, mai jan ƙafa huɗu, rim 19 ne akanta kuma tayoyin ba girmansu ɗaya ba, na gaba 225/40 R19 na baya 255/35 R19, duk tayar rani ce. Bara na shiga hunturu da su a haka saboda ina ganin ai motar tana jan ƙafa huɗu ba matsala, to wata rana da asuba na taka birki a wata gangara wadda bata ma kai ta kawo ba motar taci gaba da tafiya kamar ban taɓa komai ba, yarana biyu na baya, wlh har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Allah ya tsare ba abinda ya samemu amma nayi alƙawarin bazan sake ba.

Tambayoyina su ne, in sayi tayar hunturu in ɗora akan rim 19 ɗin da nake dashi ko in nemi wani rim daban 18 ko ma 17? Sannan dole ne sai na baya yafi na gaba faɗi kamar yadda motar tazo? Kuma naga tayar hunturun ma kala kala ce. Inda nake ana share manyan tituna a zuba gishiri, dusar ƙanƙara tana sauka amma ba kullum take kwana akan titi ba, yawancin tafiyata akan babbar hanya ce. Nagode.

Injiniya_Sanyi:

Wa alaikumus salam Baban Ilham, Allah ya ƙara tsarewa. Abinda ya faru dakai ba laifin motar bane, jan ƙafa huɗu yana taimaka maka ne wajen tashi da hawa tudu amma in ka taka birki duk mota ƙafa huɗu take tsayawa dasu, mai jan gaba da mai jan baya da taka duk ɗaya, abinda ya rage kawai shine robar dake taɓa titi. Robar tayar rani da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 na ma'aunin Celsius take fara tauri, in ya kai ga daskarewa ta zama kamar busasshiyar fata, ko titin a bushe yake bata kama shi yadda ya kamata balle an samu ƙanƙara.

Ni shawarata ka sauko 18 ka sayi rim huɗu daban, ka saka 225/45 R18 gaba da baya duk iri ɗaya. Bari in maka lissafin dan kaga ba da ka nake magana ba. Lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu tsayin gefen taya ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe girman rim a inci. Tayarka ta gaba 225/40 R19 gefenta milimita 90 ne, ka ninka biyu ka haɗa da rim 19 wanda yake milimita 482.6 zaka samu 662.6. Ita kuma 225/45 R18 gefenta milimita 101 da ɗan ɗigo, duka tsayinta 659.7, kaga bambancin milimita 3 ne kacal, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, ma'ana malejinka bazai yi maka ƙarya ba kuma kwamfutar motar da ABS, wato na'urar dake hana ƙafafu kullewa in ka taka birki, bazasu rikice ba. Ribar da ka samu itace ƙarin milimita 11 na roba tsakanin rim ɗinka da titi, kuma wannan ba ƙaramin abu bane a hunturu saboda ruwa yana shiga tsagar kwalta ya daskare ya fasa ta, ramuka suyi yawa, wani ramin ma dusar ƙanƙara ta rufe shi baka gani sai dai kaji ƙara, siririn gefe irin 35 nan take rim ya lanƙwashe ko taya ta fito da ƙari a gefe.

Maganar faɗi kuma, a rani faffaɗar taya a baya tana da amfani wajen kwana da tashi, amma a dusar ƙanƙara da caɓalin da take zama in ta fara narkewa faffaɗar taya hawa kai take ta dinga yawo, siririya kuwa tana yanka ta sauka ƙasa ta samu titi. Sannan in duka huɗun girmansu ɗaya zaka iya juya na gaba su koma baya duk shekara su cinye tare, wanda yanzu baka da wannan damar.

17 kuwa kar ka saka rai, motarka tana da manyan birki na M Sport, faifan gaba milimita 348 ne, rim 17 yawanci baya rufe kan birkin. Ko 18 ɗin ma ba kowanne bane yake shiga, wani faɗin cikinsa ya isa amma ƙafafun rim ɗin suna gogar kan birki, dan haka a ɗora ɗaya a gaba a juya da hannu a gani kafin a saka taya a jiki, dan da zarar an ɗora taya mayarwa sai ta zama rigima.

Maman_Sadiq:

Yaya Injiniya ya gama magana akan girma, ni abinda zan ƙara shine irin tayar dan anan mutane suka fi yin kuskure. Kala biyu ne manya in ka cire mai ƙusoshi. Akwai masu laushi sosai da akayi dan ƙasashen da ƙanƙara ke kwana wata da watanni akan titi, irinsu Nokian Hakkapeliitta R5 da Michelin X-Ice Snow da Bridgestone Blizzak WS90 da Continental VikingContact 7, akan ƙanƙara babu kamarsu. Sai kuma waɗanda akayi dan motoci masu gudu da titin da ake sharewa, irinsu Michelin Pilot Alpin 5 da Pirelli Sottozero 3 da Continental WinterContact TS 870 P da Blizzak LM005.

Ni nayi amfani da mai laushin hunturu biyu akan mota irin wannan kuma gaskiya a ranar da ƙanƙara ta rufe ko ina naji daɗinta ƙwarai, amma sauran ranakun da titi yake a jiƙe ko a bushe sitiyari sai yayi lakaf, ka juya sai motar ta ɗan yi jinkiri kafin ta amsa, kuma birki akan jiƙaƙƙen titi baya kai na ɗayar kalar. Tunda kace ana share hanya ana zuba gishiri kuma babbar hanya kafi bi to kala ta biyun ce taka, baka sayi wannan motar dan ta koma kamar kwale kwale wata huɗu a shekara ba.

Ka duba gefen taya kaga alamar dutse mai tsini uku da furen dusar ƙanƙara a ciki, ita ce shaidar an gwada tayar a dusar ƙanƙara ta ci jarrabawa. Rubutun M+S kaɗai, wato laka da dusar ƙanƙara, ba gwaji bane, a Jamus ma tun Oktoba 2024 basa karɓarsa a matsayin tayar hunturu sai mai alamar dutsen. Kuma ka bincika dokar inda kake dan ta bambanta, a Kebek ta Kanada wajibi ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, a Jamus kuma ba kwanan wata bane yanayin titi ne, in akwai ƙanƙara dole ka kasance akan tayar hunturu.

Direban_Dare:

Hajiya ni dai anan na ɗan saɓa dake, da girmamawa. Ku sake karanta abinda bawan Allahn nan ya rubuta, da asuba ne, a gangara, da yara a mota. Ba akan babbar hanya abin ya sameshi ba, akan ƙaramin titin da mai zuba gishiri bai kai ga zuwa ba ne, kuma irin wannan lokacin ne ake samun ƙanƙarar nan mai sheƙi wadda ido baya gani kana ɗauka titi ne ya jiƙe. Ranar da taya zata ceci ranka ba ranar da titi yake a bushe bace, ita waccan ranar ko wacce taya ma zata kaika gida in ka rage gudu. Ni na gwammace sitiyari yayi min laushi kwana tamanin akan in rasa birki rana ɗaya, shiyasa shekara da shekaru mai laushin nake sakawa kuma ban taɓa nadama ba, su mutanen Finlan da suka fara ƙera tayar hunturu tun 1934 ai sun san dalilin da yasa suke yinta haka da ƙananan tsaga tsaga dubbai a jikin zanen, su ne suke buɗewa su cije ƙanƙarar.

Abinda zan yarda dake akai shine gudu, masu laushin yawanci harafin dake nuna iyakar gudunsu a gefen taya R ko T ne ko H, T kilomita 190 a awa, H 210, su kuma ɗaya kalar kana samun V mai 240 har W mai 270. Motarsa tana kaiwa 250 dan haka in ya saka T dole ya san iyakarsa, a Jamus har takarda ake mannawa a gaban direba dan tunatarwa. Amma tsakani da Allah wa zai taka 190 a cikin hunturu da iyali a mota?

Baban Ilham kai kasan unguwarku, in tsakanin gidanku da babbar hanya akwai tudu ko inuwar bishiyoyi inda ƙanƙara bata narkewa da wuri ka ɗauki maganata da muhimmanci.

Injiniya_Sanyi:

Duk su biyun suna da hujja, kuma ko wacce ka ɗauka cikin biyun tazarar dake tsakaninta da tayar ranin da ka shiga hunturu da ita bara kamar sama da ƙasa ce. Bari in ƙara wasu abubuwa akan rim da na manta dan kar ka sayi na hannu ka dawo kana cizon yatsa. Motarka ƙirar G20 ce, ramukan notinta 5x112 ne, wato ramuka biyar akan da'ira mai faɗin milimita 112, tsofaffin 3 Series irinsu F30 kuwa 5x120 ne, mutane da yawa suna ganin rim ɗin BMW su ɗauka zai hau, bazai hau ba. Ka duba ramin tsakiya ya zauna daidai akan hob, wato ƙarfen da ake ɗaura rim a jikinsa, ka duba lambar ET dake bayan rim dan itace take nuna yadda zai shige ciki ko ya fito waje, in tayi nisa da ta asali taya zata gogi shokazoba ko bakin bodi. Rim mai faɗin inci 7.5 ko 8 shine daidai da taya 225. Ka samu mai fenti sak, ka guji mai goge fuska mai walƙiyar nan dan gishiri yana shiga ƙarƙashin rufinsa ya cinye shi, kuma mai ƙafafu kaɗan a buɗe yafi sauƙin wankewa, dusar ƙanƙara in ta daskare a cikin rim sitiyari rawa yake kamar ba'a yi balansin ba.

Lambar nauyi kar ta gaza wadda ke jikin takardar ƙofar direba, misali 91 kilo 615 take ɗauka 95 kuma kilo 690, motar nan ba mara nauyi bace dan haka nemi mai XL, wato wadda aka ƙara wa ƙarfin ɗaukar nauyi. Sabon rim yana buƙatar nasa sensar iska in ba haka ba fitila zata zauna maka a dashbod duk hunturu. Noti a ɗaure da sifana mai awo a 140 Nm, bayan kayi kamar kilomita 50 zuwa 100 a sake dubawa. Iska kuma tana sauka kusan psi 1 duk sanda sanyi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6, ka dinga gwadawa da safe kafin ka tuƙa. In ta hannu zaka saya duba lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT dake gefen taya, su suke nuna lokacin da aka ƙera ta, 3523 yana nufin sati na 35 na 2023, kuma zane in ya sauko milimita 4 ta gama aikin hunturu ko da doka ta barka har 1.6. Sannan huɗu zaka saka gaba ɗaya, kar wani ya ce maka biyu sun isa, musamman akan xDrive.

Baban_Ilham:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, wlh na ƙaru sosai. Na yanke 18 ne da 225/45 duka huɗu, kuma da ban karanta maganar 5x112 ba da na ɗauki wasu rim na F30 da aka nuna min jiya. Maganar kalar taya kuma Malam Direban Dare ka taɓo inda yake min ciwo, gangarar nan tana nan kuma kullum da safe sai na bita da yara kafin a zuba gishiri, Hajiya ki yi haƙuri inaga mai laushin zan ɗauka bana in ga yadda zata kasance, in sitiyarin ya dameni akan babbar hanya zan dawo in faɗa muku gaskiya. Saura tambaya ɗaya, motar bata da safaya saboda tayoyin da tazo dasu masu tafiya ko sun sace ne, in na saka na hunturu waɗanda ba irinsu ba akwai matsala?

Maman_Sadiq:

Ba komai Baban Ilham, kai kake bin hanyar kai kasan ta. Babu matsala ko kaɗan, zaka ma ji motar tafi laushi akan rami, kawai kar ka gauraya masu tafiya ko sun sace da waɗanda ba irinsu ba a mota ɗaya, kuma ka ajiye ƙaramin famfon iska mai aiki da lantarkin mota da robar maganin toshe huji a but. Tayoyin ranin in ka cire ka wanke su ka rubuta a jikin kowacce inda ta fito da alli, ka ajiye su inda ba rana ba daskarewa dan tsananin sanyi yana iya tsatstsaga robarsu.