Me ya sa jirgin ƙarƙashin ƙasa na Boston ya yi ta tafiyar hawainiya?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum. Ƴan Damagaram da ke karatu a Boston ta Amurka sun sha kukan cewa metiro ɗinsu, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya yi ta rarrafe a wasu wurare, jirage sun ragu a tasha, har aka rufe layi guda wata cur. Ƙasa mai kuɗi haka, me ke lalata dogon da ke cikin rami, ba rana ba iska? Kuma me ya hana a gyara da dare?

Injiniyan Zango:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ruwa ne farkon ɓarna. Rami yana yoyo, in magudana ta toshe sai ruwa ya kwanta ƙarƙashin dogo. Katakan da ke ɗauke da ƙarfen su ruɓe, ƙusoshi da maɗauran su yi tsatsa, tsakuwar ta cika da laka ta daina riƙe komai. Jirgi na wucewa dogon ya nutse ya taso, kullum yana ƙara sakwarkwacewa.

A kwana, inda dogo ya lanƙwasa, abin ya fi muni. Tazarar ƙarafa biyun milimita 1435 ce. Ƙafar jirgi tana tura ƙarfen waje, tana cin gefensa. In maɗauri ya yi sanyi tazarar ta buɗe, ƙafa na iya faɗawa tsakani. Shi ya sa ake rage gudu. Ƙarfin turin nan yana tafiya ne da gudu sau gudu: ka raba gudu biyu, turin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wato rage gudun lallaɓa dogo ne kawai kafin masu gyara su iso.

A watan Maris na 2023 hukumar sufurin Boston, MBTA, ta sa wa dukkan layukan iyakar kilomita 16 zuwa 40 a awa. Dalilin ya fi kunya: ba a samu takardun da ke nuna an gyara lahanin da aka gano ba. Inda babu shaida, dole a ɗauka dogon ba shi da lafiya har a sake aunawa.

Malamar Lissafi:
Injiniya, bari in ƙara kan raguwar jirage, don mutane suna zaton an janye su ne. Ɗauki misali: zuwa da dawowa minti 60, jirage 12, kowane minti 5 ɗaya zai zo. Wuraren rarrafe su ƙara minti 12, ya zama 72, jiran ya koma minti 6 ba a cire ko tarago ɗaya ba. Kujeru sun ragu da kashi ɗaya cikin shida a kowace awa. Tasha ta cika, shiga da fita ya daɗe, jirgin baya ya tsaya yana jiran na gaba. Don a maido minti 5 sai an ƙara jirage uku da direbobinsu, kuma galibi babu su.

Injiniyan Zango:
Haka ne, Malama. Batun dare kuma, metiron Boston yana hutawa wajen awa huɗu ne. A ciki za a kashe wutar ƙarfe na uku da ke ba jirgi lantarki, mai bolt 600, a tabbatar ta mutu, a turo kayan aiki daga ma'ajiya, a kwashe komai kafin asuba. Abin da ya rage bai isa a yanke dogo, a sa sabo, a yi walda ta huce, a daddaƙe tsakuwa, a auna ba. Don haka aka rufe layin Orange kwana 30 a 2022, aka ce aikin shekara biyar na dare ne aka haɗa. Washinton ta yi irinsa daga Yunin 2016 zuwa Yunin 2017, bayan hayaƙin wutar lantarki ya kashe mace ɗaya kusa da tashar L'Enfant Plaza a Janairun 2015. Can ma ruwa da datti ne suka taru a wayoyi da matokaran ƙarfen wuta har ta riƙa tartsatsi.

Mai Walda na Sabon Gari:
Ranka ya daɗe, namu da ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi ba rami gare shi ba, amma zafi da rairayi sun ishe shi. Ƙarfe mai tsawon mita 100, in zafinsa ya hau da digiri 30, yana neman ƙarin santimita uku da rabi. In dogon mai walda ne ba mahaɗa, tsakuwa da maɗauri ne kaɗai ke hana shi lanƙwashewa. Rairayi kuwa yana cike tsakanin tsakuwa, ya toshe wurin sauya layi, ya goge ƙarfe. Sai an ware kuɗin mashin ɗin daddaƙe tsakuwa, na'urar sauti mai gano tsagewar cikin ƙarfe, da masu bin layi a ƙafa. Dogon Yamai zuwa Dosso da aka ƙaddamar a 2016, mai tazarar mita ɗaya, bai ma kai ga jigilar fasinja ta yau da kullum ba, balle a yi maganar kula da shi.