Wai me ke hana a gama cinikin Derby County ne, ko kulob ɗin zai mutu kenan?

Sani_Fagge · 11 ga Yuni 2022

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka san kan harkar nan su warware min, don ni kam kaina ya ɗaure. Ni ɗan Man United ne, ba na ɓoyewa, amma tunda Rooney ya koma Derby har ya zama kocinsu na fara bin su, har ta kai a gidan kallonmu ana min tsiya wai na koma goyon 'yan dagaji. To yanzu ga abin da ban gane ba. Tun watan Afrilu aka ce an zaɓi Ba'amurken nan Chris Kirchner shi zai sayi kulob ɗin, a watan Mayu aka ce har an sa hannu a takarda, aka ce zuwa 31 ga wata an gama komai. Watan ya ƙare shiru. Sai aka sake ba shi zuwa jiya Juma'a ƙarfe 5 na yamma ya nuna kuɗi, jiyan ma ta wuce babu labari. To idan an sa hannu me kuma ya rage? Kuma wai da gaske ne kulob kamar Derby, da aka kafa tun 1884, ya ci gasar lig ta Ingila sau biyu, za a iya wayar gari a ce babu shi kwata-kwata? Ni abin da ya fi ƙona min rai ma babu mai fitowa ya yi wa magoya baya bayani, kullum sai dai "ana kan tattaunawa", wata tara ana abu ɗaya.

Baba_Lawandi · 11 ga Yuni 2022

Wa'alaikumussalam Malam Sani. Sa hannu daban, biyan kuɗi daban. Kamar ka je kara ne kun daidaita da mai rago ya ce ya sallama, ka ce ka tura kuɗi, shi kuma yana ta duba waya alat bai shigo ba, kana cewa netwok ne. Ai ba zai sakar maka igiya ba. Shi Kirchner haka yake ta yi, yau a ce hutun banki ne a Amurka, gobe a ce hutun bikin Sarauniya ne a Ingila, jibi a ce banki na binciken asalin kuɗin. Ko albashin watan Mayu da ake sa ran shi zai biya, wani ne daban ya biya.

Amma ka koma baya kaɗan don ka gane inda ramin yake. Mel Morris, ɗan garin Derby ne kuma attajiri, ya karɓi kulob ɗin a 2015 da burin sai ya kai su Firimiya ko ta halin ƙaƙa. Ya yi ta zuba kuɗi yana canza kociyoyi, albashin 'yan wasa ya fi abin da kulob ɗin ke samu. A 2019 lokacin Lampard sun je har Wembley wasan ƙarshe na neman hawa Firimiya, Aston Villa ta ci su 2-1, da sun ci wannan wasan da kuɗin talabijin na Firimiya ya rufe komai ba wanda zai ji. Da ba su hau ba sai asiri ya fara tonuwa. Dama a 2018 ya sayar da filin wasansu Pride Park ga wani kamfaninsa na kansa a kan wajen fam miliyan 80 don littafin kuɗi ya nuna riba, ga kuma wata irin hanya da suke lissafa darajar 'yan wasa wadda hukumar EFL, mai kula da gasannin da ke ƙasan Firimiya, ta ce ba ta yarda da ita ba. Sai korona ta zo aka rufe filaye. Satumba 2021 ya ɗaga hannu ya miƙa kulob ɗin ga masu riƙon ƙwarya, wato waɗanda ake naɗawa su riƙe kamfanin da bashi ya ci, kamfanin Quantuma, nan take aka zaftare maki 12, a Nuwamba aka ƙara 9 saboda maganar lissafin can. Maki 21 kenan.

Yanzu duk wanda zai saya ba kulob kawai zai saya ba, bashi zai saya. Hukumar haraji kaɗai tana bin su kusan fam miliyan 30. Dokar EFL kuma ta ce bashin 'yan ƙwallo da na sauran kulob-kulob sai an biya shi cif, sauran masu bin bashi kuma a ba su aƙalla kashi 25 cikin 100, in ba haka ba a sake cire maki 15. Sannan filin ba ya cikin cinikin tunda har yau yana hannun Morris, kuma akwai bashin wani kamfanin Amurka a kansa. Ka ga ciniki biyu ne a haɗe, kowanne yana jiran ɗaya.

Tambayarka ta biyu kuma, e, yana iya mutuwa. Bury ai an kore ta daga gasar a Agusta 2019, ita ma ta haura shekara 130 kuma ta taɓa cin kofin FA sau biyu.

Auwal_Gunners · 11 ga Yuni 2022

Hhhh Sani kai da United ɗinka ma ba ku gama da 'yan gidan Glazer masu kulob ɗin ba ka je ka ɗauko wani ciwon kan. Ni dai gaskiya ban ji tausayinsu sosai ba, sun karya doka ne aka hukunta su. Ka tambayi 'yan Wycombe da suka faɗi a 2021 da ratar maki ɗaya tak tsakaninsu da Derby, da an cire makin a waccan kakar ai Derby ce za ta tafi. Middlesbrough ma maki ɗaya ne ya hana su shiga wasan cike gurbi a 2019 kuma Derby ce ta shiga gabansu. Su ba su da magoya baya ne? Kuma kar a manta kulob ɗin da ya gama Firimiya da maki 11 a 2008 ne fa, dama can sun saba.

Hajiya_Midlands · 12 ga Yuni 2022

Auwal ƙanena ka bar wannan maganar, wlh da kana nan kusa da ba za ka yi dariya ba. Ni ba ma'abociyar ƙwallo ba ce can, maigidana da yara ne suke ja na, muna zaune ba nisa da Derby. Ranar 30 ga Janairu da suka buga da Birmingham muna cikin garin, mutane dubbai suka yi tattaki daga tsakiyar gari zuwa filin wasa cikin sanyin nan, tsofaffi da sanda, iyaye da yara a wuya, wasu sun riƙo hoton iyayensu da suka rasu waɗanda su suka fara kawo su kallo. Filin ya cika maƙil sama da mutum dubu 30, a kulob ɗin da ke can ƙasan tebur. Ana cin su 2-0 suka farke, Bielik ya yi wata wuntsilawa a ƙarshen lokaci ya ci ta biyu, na ga dattijo fari tas yana kuka kamar yaro.

To waɗannan mutanen me suka yi? Su suka sayar da fili? Su suka rubuta lissafi? Wanda ya yi abin yana gidansa da sauran dukiyarsa, filin ma nasa ne har yanzu. Akwai wata maƙwabciyata da take aikin sayar da abinci a filin ranakun wasa, ita yanzu ba ta san ko akwai aiki a watan Agusta ba, kuma ba wanda ya kira ta ya ce mata ci kanki. Ƙananan 'yan kasuwa da suka yi wa kulob ɗin aiki su ne za a ba kashi ɗaya cikin huɗu na haƙƙinsu, in ma an samu, amma ɗan wasa mai ɗaukar dubban fam a sati shi doka ta ce a biya shi duka. Wannan dokar ita ce ni ban taɓa gane adalcinta ba.

Kuma maganar Middlesbrough da ka kawo ai tun Fabrairu Morris da Steve Gibson mai Middlesbrough suka sasanta kan diyyar da yake nema daga Derby, amma kafin nan watanni nawa ta cinye? Duk mai son saye yana tsoron ya gaji ƙarar miliyoyi, ana cikin haka Janairu ta zo aka rasa Jagielka ya tafi Stoke saboda ba a yarda a sabunta masa kwantiragi ba, Shinnie ya tafi Wigan, aka sayar da yara 'yan makarantar kulob a araha don a samu na albashi.

Sani_Fagge · 12 ga Yuni 2022

Hajiya Allah ya saka da alheri, kin faɗi abin da ke raina. Auwal kuma ka duba tebur da kyau, sun gama da maki 34 bayan an cire 21, wato 55 suka ci a fili da yara ƙanana irin su Ebosele da Ebiowei da tsofaffi irin Curtis Davies, ba a bar su sun sayi kowa da kuɗi ba. Da ba don cirewar ba ko kusa da faɗuwa ba za su yi ba. Har zuwa 18 ga Afrilu suna numfashi kafin QPR ta ci su 1-0 suka faɗi. Rabonsu da rukuni na uku tun 1986.

Baba Lawandi ni yanzu haushina ya koma kan masu riƙon ƙwaryar nan. Mutumin nan Kirchner fa ya taɓa janyewa a Disamba, ya je ya leƙa Preston can ma ba a daidaita ba, ya dawo, sai aka ɗauke shi aka ce shi kaɗai za a saurara aka rufe wa sauran ƙofa wata biyu. Ba a ga kuɗinsa ba tun farko? Shi kuma kullum yana Twitter yana amsa wa magoya baya yana cewa su kwantar da hankali. Kuma ba shi ne na farko ba, a 2020 an ce wani Shehi daga Abu Dhabi ya saya, shiru, 2021 aka kawo wani ɗan Sifaniya Erik Alonso, shi ma shiru. Sau uku kenan ana sa mutane murna.

Baba_Lawandi · 12 ga Yuni 2022

Ka yi gaskiya a nan, amma ka sani su masu riƙon ƙwarya ba don magoya baya aka naɗa su ba, aikinsu a doka shi ne su samo wa masu bin bashi mafi yawan abin da zai samu, kuma su ma daga cikin kuɗin ake biyansu ladansu. Shi ya sa wanda ya ambaci farashi mafi tsoka shi suke bi ko da wani ya fi shi tabbas. Mike Ashley tsohon mai Newcastle ya daɗe yana nuna yana so, kuɗi kam yana da su ba a tambaya, sai dai ba mutum ne mai biyan abu da tsada ba, kuma ka tambayi 'yan Newcastle yadda suka sha da shi shekara 14. Wasu 'yan Derby yanzu cewa suke ko shi ne a kawo, an kai inda ba a zaɓe.

Abin da ya fi damuna lokaci ne. Ranar 23 ga watan nan za a fitar da jadawalin wasanni, 30 ga Yuli a fara gasa, kwantiragin yawancin 'yan wasan zai ƙare ƙarshen Yuni, waɗanda za su rage ko sha ɗaya ba su cika ba, kuma takunkumin sayen 'yan wasa yana nan. EFL na son a nuna mata kuɗin da zai kai su ƙarshen kaka kafin ta bar su su fara.

Auwal_Gunners · 13 ga Yuni 2022

Hajiya a yi haƙuri, tsokanar Sani nake ba da mutanen gari nake ba. Ni ma ai na san su tun lokacin da Taribo West ya je musu aro. Amma kun ga labarin da ya fito yanzu kuwa? Kirchner ya janye gaba ɗaya.

Sani_Fagge · 13 ga Yuni 2022

Na gani yanzun nan, innalillahi. Wata biyu aka ɓata a kan mutumin nan. To Baba Lawandi yanzu wa zai biya albashin Yuni? Kuma kana ganin Rooney zai tsaya? Don shi ai da Kirchner ɗin ya shirya komai, har 'yan wasan da zai ɗauko ya gama magana da su suna jira.