Injin sassaƙa na haɗa, da'ira tana fitowa kamar ƙwai: wane fuli da bel zan saya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah a agaza min, kaina ya kulle. Wata 7 ke nan ina haɗa ƙaramin injin CNC, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa, na sassaƙa katako da MDF (allon garin katako da aka matse), don in riƙa yin allunan suna da kwalliyar ƙofa. Teburin santimita 120 da 80. Firam ɗin ƙarfe ne mai kwana huɗu, wani yayana ya yi min waldarsa kyauta, har sau 2 muka kwance saboda bai hau daidai ba. Allon kula, wato ƙwaƙwalwar injin, Arduino ne da manhajar GRBL. Fuli, wato 'yar taya mai haƙora da ke jan bel, na yi oda daga China, samfurin GT2 mai haƙori 20, na jira sati 5, da suka iso sai ramin ya yi wa sandar moto kaɗan, na faɗaɗa shi da injin huda na hannu. Bel na gefe ɗaya sabo ne, na ɗaya gefen na ciro daga tsohon injin fotokwafi. Yanzu in na ce ya yanka da'ira sai ta fito kamar ƙwai, in ya shiga katako kuma sai ya yi ƙara ya goce daga layi. Akwai wanda ya ba ni kafin alƙalami na allo 3, Juma'a zan kai. Wane fuli zan saya?

Mai Firinta: Wa alaikumussalam. Malam, ba ka faɗi abin da ake bukata ba. Girman moton NEMA 17 ne ko 23? Faɗin bel ɗin nawa? Direba, wato na'urar da ke juya moton taku-taku, a kan taku nawa ka saita? Sannan ka ba shi umarnin milimita 100 a X (hagu da dama), 100 a Y (gaba da baya), ka auna ka faɗa mana.

Mai tambaya: NEMA 23 ne, sandar milimita 6.35. Bel milimita 6. Direba TB6600 a kan 1/16, wato kowane cikakken taku an raba shi 16, juyi ɗaya taku 3200. Na sa 80 a $100 da $101, saitin GRBL na yawan taku a kowace milimita a X da Y. Y ya ba ni 100 cif, X, mai bel ɗin fotokwafi, ya ba ni 101.6.

Mai Firinta: To ga ƙwanka nan. Bel ɗin fotokwafin ba GT2 ba ne, MXL ne. GT2 tazarar haƙorinsa milimita 2 daidai, MXL kuwa 2.032, domin da inci aka auna shi. Da ido ba ka bambancewa. Ka ƙirga haƙori 50 ka ɗora ma'auni: GT2 zai ba ka 100, MXL zai ba ka 101.6, lambar da ka samu ke nan. Kuma haƙorin GT2 kansa zagaye ne, na MXL mai kusurwa, don haka ba ya zama cikin ramin fulin, hawa yake yi. Ka cire shi ka sa GT2 irin na Y.

Injiniya: Wannan gaskiya ne, amma ko ya canza bel ɗin bai fita ba. GT2 mai faɗin 6 na firintar 3D ne da laser, inda kan injin ba ya cizon komai. Kai kuwa injin sassaƙa ka ɗaura, kusan kilo 2, yana tura baki cikin katako, ga bel mai tsawon fiye da mita. Bel kamar roba yake, iya tsawonsa iya miƙewarsa. Duk sanda bakin ya ciji katako sai ya ja baya kaɗan, sannan ya dawo, shi ne gocewar da kake gani. Abin da za ka saya: bel samfurin HTD 3M, mai tazarar haƙori milimita 3, faɗi milimita 15, fuli mai haƙori 20, rami 6.35 daga masana'anta. Juyi ɗaya milimita 60, taku 3200 a raba da 60, ka sa 53.33. In kana son aiki mai kyau ka ƙara ragi 3:1, fuli 20 a moto, 60 a sandar tsakiya, taku ya koma 160, ƙarfin tura ya ninka 3. Y kuma bel 2 za ka sa, hagu da dama, a kan sanda ɗaya, in ba haka ba gadar da ke ɗauke da kan injin za ta karkace. Duk abin da ba wannan ba ɓata kuɗi ne.

Mai tambaya: Injiniya na gode, amma na ga injuna da yawa da GT2 suna yanka katako lafiya. Kuma bel ɗin fotokwafin nan ya fi sabon ƙarfi, na asali ne. Ba zan iya sa 78.74 a $100 kawai ba? Na lissafa, 3200 a raba da 40.64.

Mai Firinta: Lissafinka daidai ne, awon zai gyaru. Amma wannan lambar ta mai fulin MXL ce da bel MXL. Kai fulin GT2 gare ka, haƙoran ba sa haɗuwa, cikin 'yan kwanaki za ka ga baƙin gari a ƙarƙashin fulin, bel ne ke cinyewa, kuma zai ci gaba da tsallake haƙori.

Baba Mai Walda: Ɗana, babu wanda ya taɓo ramin da ka faɗaɗa da hannu. Injin huda na hannu ba ya bin tsakiya. In ramin ya kauce ko da milimita 0.2 ne, fulin zai riƙa rawa: rabin juyi bel ya ɗame, rabin juyi ya saki, kuma kuskuren zai maimaitu duk milimita 40. Ka ɗora kan biro kusa da bakin fulin ka juya sandar da hannu, za ka ga tazarar tana buɗewa tana rufewa. Na biyu, sukurun nan marasa kai guda 2 da ke gefen fuli. Ɗaya dole ya sauka a kan shafaffen gefen sandar moto, ka fara ɗaure shi, sannan na biyun, da ɗigon Loctite, gam mai hana sukuru kwancewa, shuɗi, ba ja ba. Ka ja layi da alƙalamin maka daga sanda zuwa fuli, ka yi yanka ɗaya. In layin ya rabu, fulin ne ke zamewa, ba moto ba.

Injiniya: Baba ya faɗi daidai, waɗancan fulin sun tashi daga aiki. Tunda sabo za a saya, a sayi 3M a huta.

Mai Laser: Injiniya, a yi adalci. HTD don jan kaya aka yi shi, haƙorinsa yana da ɗan wasa a cikin fuli fiye da GT2, a wurin juyawa baya ake ganinsa. Ga shi ba tare da ragi ba cikakken taku ɗaya milimita 0.3 ne, na GT2 mai 20 kuwa 0.2. Mai rubutun allo ƙananan haruffa yake yankawa. Ni da GT2 mai faɗin 10 zan ce, mai zaren gilashi a ciki, ya rage zurfin yanka zuwa milimita 1 ko 1.5 a kowane zagaye. Kada ya sayi farin nan mai wayar ƙarfe, a kan ƙaramin fuli wayoyin karyewa suke a ciki, bel ya miƙe ba ka gani. Abin takaici masu kaya ba sa tambayarka komai, ka ce GT2 su miƙo maka duk baƙin bel da ke kanta, wani ma MXL ne an canza masa leda, fuli kuma haƙoran ba su da zurfi, alminiyon kamar gwangwani. Ka koma su ce kai ka ɓata.

Mai Firinta: Wallahi haka ne, har ramin da aka rubuta 6.35 sai ka samu 6.5. A tafi da ma'auni kasuwa.

Injiniya: Hajiya Mai Laser, wasan HTD bai kai miƙewar GT2 a mita 1.2 ba. Kuma na ce a sa ragi, da shi cikakken taku 0.1 ne. Magana ta ƙare.

Mai tambaya: Ragin nan yana bukatar sanda da boris da faranti sabo, ba zan gama kafin Juma'a ba. Wani ya ce in sa mai haƙori 16 ƙarfi zai ƙaru, haka ne? Ramin da na huda kuma na duba da ido, ban ga yana rawa ba.

Baba Mai Walda: Ido ba ya ganin 0.2, ka yi gwajin biron. Mai 16 yana ƙara ƙarfin tura da kashi ɗaya cikin huɗu, taku ya zama 100 a milimita. Amma matsalarka ba ƙarancin ƙarfin moto ba ce, NEMA 23 ya fi ƙarfin wannan bel ɗin tun yanzu. Da ƙaramin fuli haƙoran da ke riƙe bel raguwa suke. Aƙalla 6 ake so su kasance a ciki koyaushe. In bel ɗinka a miƙe yake a ɗaure baki biyu, moto na tafiya a kansa, ka matso da boris biyun da ke danne shi kusa da fulin har ya naɗe rabinsa. Bayan bel a kan boris mai santsi, gefen haƙora a kan fuli mai haƙora.

Wani ɗan'uwa: Ku bar bel gaba ɗaya, a wannan tsawon sandar haƙora da giya ake sawa.

Injiniya: Wannan na tebur mai mita 2 da rabi ne, ba nasa ba. 3M, faɗi 15.

Mai tambaya: Na gode duka, Allah ya saka da alheri. Layin maka bai rabu ba a X, a Y ya ɗan motsa, na ƙara ɗaurewa. Na sa 78.74, da'irar ta gyaru a kan takarda da biro. Zan yanka allunan nan 3 a haka a hankali, bayan Juma'a in ga abin da kuɗi ya ba ni. Amma in na ɗauki mai faɗin 10, zai zauna a fulin da nake da su?

Mai Laser: Ba zai zauna ba, tsakanin kunnuwan fulinka wajen milimita 7 ne. Sai sabon fuli, da boris masu faɗi, kuma ka auna ko sandar moton ta kai tsawon.

Mai tambaya: To in na goge kunne ɗaya da zarto fa?