Neman shawara: in kawo tarihin John Sinclair a shirina ko in bari?

Assalamu alaikum. Ina gabatar da shirin tarihin 'yan jarida a wani gidan rediyo. Mako mai zuwa na so in kawo John Sinclair, Ba'amurken da ya yi rubutu a jaridar Fifth Estate ta matasa masu bijire wa gwamnati a Detroit. A 1969 aka yanke masa ɗaurin har shekara goma saboda naɗi biyu na tabar wiwi da ya ba wata 'yar sandan farin kaya. Hukuncin ya tsaya min a rai. Sai dai ƙanina bai daɗe da fitowa daga gidan gyaran hali ba, Hajiyarmu kuma ba ta barin shirin ya wuce ta, rediyo na gefen tabarmarta. Tsorona a ce tallar wiwi nake yi.

Wani tsohon ɗan jarida: Ƙanena, yi shirinka, amma ka kawo labarin cikakke. Ranar 10 ga Disamba 1971 mutum wajen 15,000 suka taru a garin Ann Arbor na jihar Michigan neman a sake shi, har da mawaƙa John Lennon da Stevie Wonder. Bayan kwana uku ya fito. A 1972 kotun ƙolin Michigan ta soke hukuncin. Kada kuma ka wanke shi: yana sha, bai ɓoye ba, halatta ta yake nema. Da jihar ta halatta a 2018, yana cikin na farko da suka saya ranar da aka buɗe shaguna a 2019. Ya rasu a 2024 yana ɗan shekara 82.

Wata uwa: Ɗana, ni ban goyi baya ba. Yaran da ke zama a kangon bayan gidanmu ba za su ji maganar kotu ba. Za su ji cewa wani ya sha ya kai tamanin, shi ke nan.

Wani malamin makaranta: Hajiya ta yi gaskiya, amma akwai mafita. Gayyato likitan ƙwaƙwalwa da jami'in hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA cikin shirin. A faɗa ƙarara cewa a nan laifi ne a doka, haram ne a addini, sannan a tattauna ko kurkuku ke gyara mashayi ko magani.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Zan nemo likitan. Amma kafin nan, yau da dare zan zauna da ƙanina in ba shi labarin, in ji ta bakinsa.